Kainuwa Jirgin Fito Ce: Wa Take Kawo Mana?



A watan Agusta, sa'ad da Gulbin Rima ya kawo, duk wanda ya tsaya a mashigi a ƙasar Sabon Birni ko Isa zai ga abin da ruwa yake wucewa da shi. Ga kara, ga rassan itace, ga dunƙulen ciyawa, ga kainuwa tana tafe jere kamar garken tumaki. Mukan duba mu ce shara ce. Hausawa kuwa sun yi mata kirari, suka ce kainuwa dashen Allah, gama ba wanda ya shuka ta, saiwarta kuma ba ta kama ƙasa ba. Inda ruwa da iska suka nufa, can ta nufa.

Amma ba ita kaɗai take tafiya ba. A taron ƙungiya an sha yi mana wata tambaya. Mutane suka haƙa kududdufi don yin tubali, ko kuwa ambaliya ta bar sabon tafki a fadama. Shekara ɗaya, shekara biyu, sai ga yaran da suke wanka a ciki suna fitsarin jini. Malamin asibiti ya ce ƙaramin dodon koɗi ne yake rainon cutar. To, dodon koɗin da ba ya iya tsallake tabarma a sa'a guda, ta yaya ya zo daga wani ruwa mai nisa? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu na wannan fitowa. Za mu fara ɗauko ta daga teku, domin a can ne aka fi bin diddigin maganar, sa'an nan mu komo gida.

Abin da ya ɗaure wa masanan teku kai

A bakin teku akwai ƙananan halittu iri iri marasa ƙashin baya: ƙaguwa, jatan lande, katantanwa, tsutsotsi, da waɗansu masu kama da ƙwaro. Da yawa cikinsu sukan zuba ƙwai a ruwa, 'ya'yan su yi ta iyo har makonni, igiyar ruwa ta kai su nesa. Ba abin mamaki idan aka ga irinsu a wurare da yawa.

Waɗansu kuwa ba haka suke ba. Uwa takan riƙe 'ya'yanta a jikinta har su yi ƙwari, su sauka su zauna kusa da ita. Ba su iyo, ba su tashi. Duk da haka sai aka tarar da iri ɗaya a tsibirai da ke nesa da juna, da dubban kilomita na zurfin teku tsakani. Wa ya yi musu fito?

Ciyawar teku ce. A tekun kudancin duniya mai sanyi akwai wata babbar ciyawa da masana suke kira Durvillaea. Tsawonta yakan kai mita 10. Gindinta yana manne da dutse, fankameme kamar faifai mai kauri, ƙananan halittu kuma sukan rarake shi su yi ɗakuna a ciki. Ganyenta idan aka yanka, cikinsa kamar saƙar zuma yake, cike da iska. Sa'ad da hadiri ya tumɓuke ta ba ta nutsewa. Sai ta tashi da gidan duka, da masu gidan a ciki. Wani lissafi da aka buga a 2002 ya ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai irin waɗannan dunƙulen ciyawa wajen miliyan 70 suna yawo a wannan teku.

A 2009 da 2010 malaman Jami'ar Otago sun tsinci wannan ciyawa a gaɓar teku kusa da birnin Dunidin a ƙasar Niyu Zilan. Suka yi mata awon asali, irin wanda ake yi a gane uban yaro. Awo ya nuna ba 'yar wurin ba ce, daga tsibiran kudu ta fito, tafiyar kilomita 400 ko fiye, wato kusan nisan Sakkwato zuwa Zariya a mota. A jikinta aka sami halittu marasa ƙashin baya iri 10. Akwai wata halitta mai ɓawo da dogon wuya wadda takan manne wa duk abin da yake yawo a teku. Da girmanta aka gane ciyawar ta yi makonni a hanya, kamar yadda muke gane shekarun sa da haƙoransa.

A 2017 kuma aka tsinci guntayen ciyawar a tsibirin King George, a gefen Antatika, ƙasar ƙanƙara. Awo ya nuna ɗaya daga tsibirin Kerguelen ta taso, ɗaya daga Jojiya ta Kudu. Tafiyar ta wuce kilomita 20,000, rabin kewayen duniya ke nan. Kafin wannan ana tsammani igiyar ruwan da ta kewaye Antatika katanga ce da ba a ƙetarewa.

A Tekun Atlantika, wanda ya taɓa Legas, akwai wata ciyawa mai suna Sargassum. Tana da ƙananan jakunkunan iska kamar ƙwayar wake, ba ta taɓa kama ƙasa duk rayuwarta, daidai da kainuwa. A 1492 matuƙan jirgin Kolombas sun ratsa ta cikinta, suka sami ƙaguwa da rai a ciki, har suka ɗauka sun kusa tudu, alhali suna tsakiyar teku. Tun daga 2011 ciyawar ta yi yawan da ba a saba gani ba. A 2018 ta fi tan miliyan 20, ta miƙe kilomita 8,850 daga gaɓar Afirka ta Yamma har Tekun Meziko. Ta sha jibgewa a gaɓar Saliyo da Gana da Nijeriya, tana cika tarun masunta.

Sharuɗɗa uku na fito

Daga wannan bincike masana sun ga cewa fito ba ya cika sai abu uku sun haɗu. Mu riƙe su, gama za mu yi aiki da su nan gaba.

Na ɗaya, hawa. Sai halittar tana zaune a jikin ciyawar tun kafin ta tsinke, ko kuwa ta ɗafe ta a hanya.

Na biyu, tafiya. Sai jirgin ya jure, fasinja kuma ya sami abinci. Ciyawa ta fi gungumen itace ko gorar roba a nan, domin ita ce jirgi, ita ce guzuri. Amma zafin rana yakan ruɓar da ita, fasinjoji su cinye ta, nauyi ya nutsar da ita. Yawancin jiragen nan a hanya suke hallaka.

Na uku, sauka. Sai jirgin ya tsaya inda fasinja zai iya zama ya hayayyafa. Wanda ya fi samun nasara shi ne wanda ba ya bukatar jama'a kafin ya kafa zuriya, kamar uwa mai ɗauke da 'ya'ya a jikinta.

Cikin jirage dubu ɗaya kaɗai ya isa, in dai ya sauka daidai.

Mu komo gida

Mu ba mu da teku, amma muna zaune a mahaɗar ruwaye. Gulbin Gagare da na Bunsuru sun gangaro daga kudu, daga ƙasashen Zamfara da Katsina, suka haɗu a wajejen Isa suka zama Rima. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima a yankin Sabon Birni. Daga nan ruwan ya juya ya nufi madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, ya wuce Wurno da Sakkwato da Argungu har ya shiga Kwara.

Da rani yawancin gulaben nan rairayi ne, sai tafkuna nan da can, kowane a ware. Da damina ruwa yakan haɗe su duka su zama hanya ɗaya. Abin da ya kwana a tafkin wani gari can sama, cikin 'yan kwanaki yana iya kwana a namu. Abin da ya bar namu kuma, na ƙasa da mu ne za su karɓa. Ruwa bai san iyaka ba, ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Jiragen fitonmu su ne kainuwa, da ganyen bado da ya tsinke, da dunƙulen ciyawar bakin ruwa, da kara, da wata ciyawa marar saiwa da take shawagi a ƙarƙashin ruwa, mai siraran ganye kamar gashin jela, wadda masana suke kira Ceratophyllum.

Ku gwada da kanku. Mun sha yin wannan da manoma, ba kuwa wanda ya gani ya ƙara musu. A sami farar roba ko tasa, a zuba ruwan rijiya. A sa sanda mai ƙugiya a ɗauko kainuwa biyu ko uku da ganyen bado, kada a sa hannu. A girgiza su cikin tasar, a jira ruwa ya kwanta. Za ku ga ƙananan ƙwari suna iyo, da tsutsar sauro, da matsattsaku, wani lokaci da 'ya'yan kifi. Akwai ma wani irin sauro da tsutsarsa take soka bakin numfashinta a saiwar kainuwa, ta sha iska daga nan. A gindin tasar kuma sau da yawa za ku ga ƙananan dodon koɗi. Ku juya ganyen bado ku duba bayansa. Ɗan abin nan mai yauƙi, mai haske kamar majina, da ɗigo-ɗigo a ciki, ƙwan dodon koɗi ne.

Fasinjan da ya fi damunmu

Ba kowane dodon koɗi ne mai laifi ba. Babban nan mai girman lemon tsami, wanda yara suke wasa da ƙoƙonsa, ba ya ɗaukar tsargiya. Ƙananan ne abin tsoro, su uku:

Na fari bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Idan aka riƙe shi tsininsa a sama, bakinsa yana duban mutum, bakin yana hannun hagu. Sunansa Bulinus. Shi ne mai rainon tsargiyar mafitsara, mai sa fitsarin jini.

Na biyu shimfiɗaɗɗe ne, a naɗe kamar gammo, bai fi maɓallin riga ba. Sunansa Biomphalaria. Shi ne mai tsargiyar hanji, mai sa bayan gida da jini da kumburin ciki.

Na uku mai tsini ne, bakinsa babba a hannun dama. Shi ne mai rainon tsutsar hanta ta shanu da tumaki, wadda mahauta suke gani sa'ad da suka yanka hanta suka tarar ta lalace.

Ga yadda tsargiya take kewayawa. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, a 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta cikin dodon koɗi take bi. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa. Ƙwan tsutsa da ke cikin fitsarin ya fashe, ɗan abin da ya fito ya shiga neman dodon koɗi. In bai samu ba cikin yini guda, ya mutu. In ya samu, sai ya shiga ya yi ta ninkuwa har mako huɗu zuwa shida. Daga nan dodon koɗin ya fara sakin ɗaruruwan 'yan tsutsotsi kowace rana, waɗanda ido ba ya gani sosai, ya fi sakin su kuwa da rana tsaka, daidai lokacin da yara suke faɗawa ruwa. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga. Su girma cikin jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, su zauna shekara uku zuwa biyar suna zuba ƙwai. Ƙwan ne yake yaga mafitsara, jini ya fito.

Waɗansu iyaye sukan ce fitsarin jini alamar balaga ce, ko zafin rana ne. Ba haka ba ne. Ciwo ne. Yana rage jini, yaro ya rame, ya kasa karatu, ya kasa noma. In ya daɗe yakan lalata mafitsara da ƙoda, har ya kai ga ciwon daji na mafitsara. Ga 'yan mata da matan aure yakan taɓa mahaifa, ya kawo ciwon mara da wahalar samun ciki, su kuwa sukan ɓoye don kunya. Malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun sha auna fitsarin 'yan makaranta a garuruwan bakin Rima kamar Goronyo da Wamakko, suna kuwa samun cutar.

Yanzu mu auna dodon koɗin nan da sharuɗɗa uku. Hawa: a jikin ganye yake zaune, a nan yake kiwo, a nan yake zuba ƙwai. Tafiya: gansakukar da ke jikin ganyen ita ce abincinsa, tafiyar kuma ta kwanaki ce kawai, ba ta watanni ba. Sauka: kowane Bulinus namiji ne kuma mace ce a jiki ɗaya, yana iya haihuwa ba tare da abokin tarayya ba. Ƙwan yakan fashe cikin kwana bakwai zuwa goma, ɗan kuma ya fara nasa ƙwan bayan wata ɗaya ko fiye kaɗan. Guda ɗaya da ya sauka a watan Agusta ya isa ya cika kududdufi kafin hunturu. In tafkin ya ƙafe, waɗansunsu sukan shige laka su like, su yi watanni suna jiran ruwan fari.

Mu lura da abu ɗaya. Uwa ba ta ba ƙwanta cutar. Ɗan da aka ƙyanƙyashe a tafkinmu lafiyayye ne, sai ran da wani ya yi fitsari a ruwan. Kainuwa tana iya kawo wanda ya riga ya kamu, amma wanda zai riƙe cutar a gari shekara da shekaru, mu ne muke ba shi. Tun daga 2019 rashin tsaro ya tashi dubban mutanenmu na Sabon Birni da Isa, waɗansu zuwa ƙasar Maraɗi, waɗansu zuwa manyan garuruwa. Inda jama'a suka taru a bakin tafki ɗaya ba rijiya ba salga, can cutar take samun ƙofa. Ba laifin wanda ya gudo ba ne. Aikin masu masauki ne su taimaka da ruwa da salga.

Abin da ya faru a Gana da Senegal

A 1965 aka gama madatsar Akosombo a Gana, aka sami babban Tafkin Bolta. Ciyawar nan marar saiwa ta cika shi, Bulinus ya bi ta. Iska takan kora dunƙulenta daga wannan gaɓa zuwa waccan da dodon koɗi a ciki. Kafin madatsar, yaran yankin masu fitsarin jini ba su kai 1 cikin 10 ba. Bayan 'yan shekaru, a waɗansu ƙauyukan bakin tafkin sun kai 9 cikin 10.

A Senegal aka gama madatsar Diama a 1986. A 1988 tsargiyar hanji ta ɓulla a garin Richard Toll mai gonakin rake, ta zama annoba. Amma daga wannan yanki ne labari mai daɗi ya fito. A 2023 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 16. A rabinsu aka riƙa kwashe ciyawar ruwa daga wuraren wanka da wanki, ana maimaitawa, har aka fitar da fiye da tan 400. A ɗaya rabin ba a taɓa ba. Inda aka kwashe, dodon koɗi ya ragu ƙwarai, yaran da suka sāke kamuwa da tsargiyar hanji kuma suka ragu. Ciyawar ba a zubar ba. Aka yi takin gargajiya da ita, albasa da barkono suka ƙara auki, aka kuma ciyar da dabbobi da ita. Masu gwajin sun lura da wani abu kuma: inda aka fi zuba takin zamani a gonakin bakin ruwa, can ciyawar ta fi yawa, gama takin da ruwa ya wanke ita yake ciyarwa.

Baƙuwar kainuwa

Akwai wata da ake kira kainuwa ita ma, amma ba tamu ba ce. Asalinta Kogin Amazon a Barazil. Tamu ganyenta a buɗe yake kamar latas, mai laushi da gashi-gashi. Baƙuwar ganyenta mai sheƙi ne, ƙafar ganyen a kumbure kamar ƙaramar gora, furenta shuɗi mai haske da ɗigon rawaya. Ta shigo Nijeriya a 1984 ta ruwan Badagiri daga Jamhuriyar Benin, daga baya ta biyo Kwara ta shiga Tafkin Kainji. Cikin mako biyu tana iya ninka yawanta, irinta kuma yakan yi shekaru a laka bai mutu ba. Saiwarta doguwa ce mai duhu, maɓoya ce ga dodon koɗi. Kyan furenta ne ya sa mutane suka yaɗa ta duniya. Kada kowa ya kawo ta don ado ko don inuwar kifi. Wanda ya gan ta a ruwanmu ya cire, ya shanya, ya ƙone, ya kuma gaya wa malamin gona da sarkin ruwa.

Ba duka ne sharri ba

Kada mu ɗauka ciyawar ruwa abokiyar gaba ce. A cikinta 'ya'yan kifi suke ɓuya, da ita ambaliya take sāke zuba rai a tafkunan da suka ƙafe. Bado abinci ne, ya ceci mutane a shekarun yunwa. Gaiwa da ƙurungu da agwagwa suna cin dodon koɗi, ko da yake ba su iya ƙarar da shi. Ba mu ce a share tafki duka ba, ba ma zai yiwu ba. Inda ƙafar mutum take shiga ruwa, nan ne wurin aiki: mashigi, wurin wanki, wurin wankan yara, mashayar dabbobi, da inda ake kafa injin ban ruwa.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. A tare jirgi tun bai tsaya ba. A bakin da ruwan gulbi yake shiga tafki ko lambatu, a kafa turaku a gicciya gora ko igiya mai kauri daidai fuskar ruwa. Abin da ya taru a nan a riƙa jawo shi tudu.

2. Da ruwa ya fara janyewa, a watan Oktoba, a sa ranar gayya a kwashe ciyawa daga wuraren da muka ambata. A maimaita bayan kowane wata uku muddin akwai ruwa. Aikin manya ne, ba na yara ba. A yi da sassafe, da manjagara mai dogon ƙota, da dogon takalmin roba da safar hannu. Ƙungiya ta sayi ko ƙafa huɗu a riƙa aro.

3. A kai ciyawar nesa da ruwa, inda ambaliya ba ta kaiwa, a baza a rana. In an tara ta a bakin ruwa, fasinjojin za su koma da ƙafarsu.

4. In ta bushe a haƙa rami, a jera ta da kashin dabbobi da toka, hawa hawa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Cikin wata biyu ko uku an sami taki don albasa da tattasai. Kada a ba dabba ɗanya, gama tsutsar hanta takan like a jikin ganye. Sai ta bushe ƙayau.

5. Mu ma muna yin fito ba da saninmu ba. Taru, koma, gora, kwale-kwale da tiyon inji duk sukan ɗauki ciyawa da laka daga wani ruwa zuwa wani. A wanke lakar a wurin, a shanya kayan a rana sosai kafin a kai su wani tafki. A ɗaura raga a bakin tiyon da yake zuƙo ruwa.

6. Takin zamani a zuba gwargwado, a rufe da ƙasa. Kada a wanke buhunsa a tafki.

7. Ruwan wanka in daga tafki aka ɗebo, a ajiye shi kwana biyu cikakku a randa ko duro, a tabbata ba dodon koɗi a ciki. 'Yan tsutsotsin ba su wuce haka da rai in ba su sami mutum ba. Ko kuwa a dafa shi. Rijiya da burtsatse sun fi.

8. Kowane gida ya yi salga, kowane lambu ya sami wurin kewayawa nesa da ruwa. A koya wa yara su yi fitsari a tudu kafin su je ruwa.

9. Akwai magani, sunansa praziquantel. Ma'aikatan lafiya sukan raba shi kyauta a makarantu, suna auna tsawon yaro da sanda su san yawan ƙwayar. A ci abinci kafin a sha. Yaran da ba su zuwa makaranta, da masunta, da masu lambu, da mata masu wanki, su ma a kai su. Amma maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ya hana wata shiga gobe.

Aikin na kowace shekara ne

Wani zai ce, mun share bara, ga shi bana sun komo, ina amfanin wahala? Haka ne, za su komo, gama gulbi zai sāke kawowa, jiragen fito kuma za su sāke zuwa. Amma ai ba wanda ya bar noma don ciyawa ta sāke fitowa bayan firi. Sharar mashigi ita ma aikin kowace shekara ce, a sa ta cikin tsarin ƙungiya tare da sayen iri da biyan bashi. Tun da yake ruwa ɗaya muke sha da na sama da mu da na ƙasa da mu, shugabannin ƙungiya su kai maganar ga mai unguwa, da sarkin ruwa, da liman, da shugaban makaranta, da maƙwabtan gari, a sa rana ɗaya. Garin da ya share nasa ya rage wa na gaba kaya.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. Wurare nawa ne a garinmu mutane suke shiga ruwa da ƙafa? A lissafta su.
2. Ta ina ruwan gulbi yake shiga tafkinmu, daga waɗanne garuruwa kuma yake zuwa?
3. Yara nawa ne a gidajenmu suke fitsarin jini yanzu? Yaushe aka ba su magani?
4. Wa zai riƙe takalma da manjagara, wace rana ce kuma gayyar farko?

Ku yi gwajin tasa a taronku na gaba, ku aiko mana da abin da kuka gani. Sai mun ji daga gare ku.